John Snow: Likitan da ya bi sawun kwalara har cikin rijiya

A daren 31 ga watan Agustan 1854, annobar kwalara, wato amai da gudawa, ta ɓarke a unguwar Soho da ke tsakiyar birnin Landan. Cikin kwana uku ta kashe mutum 127, kafin kwana goma kuma adadin ya kai 500.

Mafi yawan likitocin wancan zamani sun ɗora laifin ne a kan gurɓatacciyar iska da ɗoyin da ke tashi daga kwatami da juji.

Amma wani likita mai suna John Snow, wanda gidansa ba shi da nisa da unguwar, ya dage a kan cewa cutar tana cikin ruwan wata rijiya ce da jama'a ke yabon daɗin ruwanta.

Dakta Snow dai har ya bar duniya bai san kamannin ƙwayar da ke haddasa cutar ba. Abin da ya dogara da shi shi ne ƙirga: mutum nawa suka sha wannan ruwa, nawa suka kamu a cikinsu, nawa kuma suka kamu daga cikin waɗanda ba su sha ba.

Wannan hanya tasa ce ta zama tushen ilimin bin diddigin annoba, kuma tana cikin abubuwan da masana ke dogara da su a yau wajen auna yiwuwar gurɓatar ruwan ƙarƙashin ƙasa.

Tasowarsa

An haifi John Snow ne ranar 15 ga watan Maris na 1813 a birnin York da ke arewacin Ingila. Shi ne ɗan fari cikin 'ya'ya tara, kuma mahaifinsa lebura ne a wata ma'ajiyar kwal, kafin daga baya ya koma noma.

Unguwar da ya tashi ta talakawa ce, a bakin kogin Ouse, inda ambaliya kan shiga ta kwaso ƙazantar magudanai ta baza a tituna.

Yana da shekara 14 aka kai shi birnin Newcastle domin ya koyi aikin likita a hannun wani likitan tiyata mai suna William Hardcastle.

A 1831 ne kwalara ta shiga Ingila karo na farko, ta garin Sunderland da ke gaɓar teku. Da ta isa ƙauyen Killingworth, inda ake haƙar kwal, sai maigidansa ya tura shi ya kula da majinyata, a lokacin bai cika shekara 20 ba.

Abin da ya gani a can ya daɗe a zuciyarsa. Mahaƙan suna yini a cikin rami, nesa da warin kwatamin gari, amma cutar ta yi musu mummunar ɓarna. Babu makewayi a ƙarƙashin ƙasar, babu ruwan wanke hannu, kuma a nan suke cin guzurin da suka shiga da shi.

Tun yana saurayi ya daina cin nama, ya shiga ƙungiyar masu yaƙi da shan barasa, ya kuma zama mai tsananin kula da tsabtar ruwan da yake sha. Bai taɓa aure ba.

A 1836 ya tafi Landan a ƙafa domin ƙaro ilimi. Ya zama ɗan ƙungiyar likitocin tiyata ta Ingila a 1838, ya kuma sami babban digirin likita daga Jami'ar Landan a 1844. A unguwar Soho ya buɗe wurin duba marasa lafiya.

Likitan Sarauniya

Ba a fagen kwalara Dakta Snow ya fara yin suna ba. A ƙarshen 1846 labari ya iso daga Amurka cewa an sami wani sinadari mai suna eta, wanda ake shaƙa wa majinyaci ya yi barci a yi masa tiyata ba tare da ya ji zafi ba. Shekara guda bayan haka aka fara amfani da wani mai suna kulorofom.

Likitoci da dama sun riƙa zuba waɗannan magunguna a kan ƙyalle bisa kintace, abin da kan sa wani ya farka ana tsakiyar aiki, wani kuma ya zarce. Shi kuwa sai ya zauna ya auna yawan tururin da mutum ke shaƙa gwargwadon zafi ko sanyin ɗaki, ya kuma ƙera na'urar da ke daidaita shi.

Sunansa ya kai fada. Shi ya shaƙa wa Sarauniya Biktoriya kulorofom lokacin haihuwar Yarima Leopold a watan Afrilun 1853, da kuma ta Gimbiya Beatrice a 1857.

Wannan aiki ya ba shi sanin yadda abin da aka shaƙa ke aiki a jikin mutum, sanin da ya sa ya fara shakkar cewa iska ce ke kawo kwalara.

Ruwa ko iska?

Kwalara ta sake dawowa a 1848, kuma kafin ƙarshen 1849 ta kashe mutane fiye da dubu 50 a Ingila da Wales.

A 1849 Dakta Snow ya buga wani ɗan littafi da kuɗin aljihunsa, inda ya bayyana hujjarsa. A ganinsa, da ta hanci cutar ke shiga, da a huhu za ta fara nuna alama. Tunda kuwa a ciki take farawa, to haɗiyarta ake yi, ta hayayyafa a hanji, ta fita tare da bayan gida, sannan ta koma bakin wani ta hannu ko abinci ko ruwan sha.

Ya kawo misalin wani jerin gidaje a kudancin Landan da ke shan ruwan idon ruwa guda. Bayan wani ruwan sama mai ƙarfi ya cika magudanai, ƙazanta ta malala cikin tankunansu, sai cutar ta bi gidajen ɗaya bayan ɗaya, alhali maƙwabtansu da ke shaƙar iska ɗaya da su ba ta taɓa su ba.

Sai dai manyan jami'an lafiya na lokacin, irin su Edwin Chadwick, sun yi imani da cewa ɗoyi ne tushen cuta. Saboda haka suka ba da umarnin a riƙa kora ƙazantar masai zuwa magudanai, su kuma magudanan suna zuba ne a kogin Thames, inda kamfanonin ruwa ke ɗiba su sayar wa jama'a.

Kamfani biyu, titi ɗaya

Damar gwada hujjarsa ta zo ne da annobar 1853 zuwa 1854. A wasu unguwannin kudancin Landan, kamfanoni biyu ne ke sayar da ruwan famfo, kuma bututunsu sun bi tituna ɗaya, ta yadda wannan gida na shan ruwan wannan kamfani, na kusa da shi kuma na ɗayan.

Kamfanin Southwark da Vauxhall yana ɗibar ruwa ne a Battersea, inda kogin ya riga ya haɗu da ƙazantar birni. Shi kuwa kamfanin Lambeth tun 1852 ya mayar da wurin ɗibarsa can sama, a Thames Ditton, kafin ruwan ya iso birnin.

Ke nan an raba kimanin mutum dubu 300 gida biyu ba tare da sun sani ba, masu kuɗi da talakawa, yara da manya, babu abin da ya bambanta su sai ruwan da suke sha.

Dakta Snow ya karɓi jerin sunayen mamata daga hannun William Farr, mai kula da alƙaluma a ofishin rajistar haihuwa da mutuwa, ya shiga bin gidajen ɗaya bayan ɗaya. Inda 'yan haya ba su san kamfanin da mai gida ke biya ba, sai ya ɗebi ruwan a kwalba ya gwada yawan gishirinsa, domin na kamfanin Southwark da Vauxhall ya fi gishiri nesa ba kusa ba.

A makonni bakwai na farkon annobar 1854, mutum 1,263 ne suka mutu a gidaje 40,046 da ke shan ruwan Southwark da Vauxhall. A gidaje 26,107 na kamfanin Lambeth kuwa mutum 98 ne.

Wato a kowane gida dubu goma, mutum 315 a wancan ɓangare, 37 a wannan. Haɗarin mutuwa ya ninka fiye da sau takwas saboda bambancin wurin ɗibar ruwa.

Famfon titin Broad

Yana cikin wannan aiki ne annobar Soho ta ɓarke, sai ya ajiye shi ya koma unguwarsu.

Rijiyar titin Broad tana da zurfin ƙafa 28, wato kusan gaba biyar, an kuma ɗora mata famfon tuƙa-tuƙa. Ya ɗebi ruwan ya duba, bai ga wani abin a zo a gani ba. Don haka ya koma ga ƙirga.

Daga cikin mutum 83 na farko da aka yi rajistar mutuwarsu, 10 ne kacal gidajensu suka fi kusa da wani famfo dabam. Biyar daga cikin goman, iyalansu sun shaida masa cewa titin Broad suke aikawa a ɗebo musu ruwa saboda sun fi son sa. Uku kuma yara ne da ke zuwa makaranta kusa da famfon.

Ya kuma binciki waɗanda suka tsira. A gidan gajiyayyu na titin Poland, wanda mace-mace suka kewaye shi, mutum biyar ne suka mutu cikin 535, kuma gidan yana da tasa rijiyar. A wata masana'antar giya da ke kan titin Broad ɗin kansa, babu wanda ya mutu cikin ma'aikata fiye da 70, domin ba sa shan ruwan famfon. Amma a wata masana'antar kayan harsashi da ke ajiye ruwan famfon a randuna domin ma'aikata, mutum 18 suka mutu.

Sai kuma labarin wata dattijuwa da ta daɗe da barin Soho ta koma Hampstead, inda babu annobar. Saboda sabo, kullum akan kai mata ruwan titin Broad a babbar kwalba. Ta sha na ranar 31 ga Agusta, ta mutu ranar 2 ga Satumba. Wata 'yar 'yar'uwarta da ta kai mata ziyara ta sha, ita ma ta koma gida ta mutu.

Ranar 7 ga Satumba da yamma ya gabatar da wannan bayani ga kwamitin da ke kula da gundumar St James. Ba su gamsu sosai ba, amma washegari aka cire mariƙin famfon.

Shi da kansa ya amince cewa annobar ta riga ta fara lafawa kafin ranar, saboda akasarin mazauna unguwar sun gudu. Jimillar waɗanda suka mutu ta kai 616.

Shahararriyar taswirar nan tasa, wadda ya yi wa kowane mamaci zane baƙi a ƙofar gidansa, bayan cire mariƙin ya zana ta domin gamsar da masu shakka. A bugu na biyu ya ƙara layin da ya kewaye gidajen da famfon titin Broad ya fi musu kusa idan aka bi hanya a ƙafa, sai ga akasarin mace-macen a cikin layin.

Masai a gefen rijiya

Tambayar da ta rage ita ce yadda cutar ta shiga rijiyar. Wanda ya amsa ta wani matashin malamin coci ne a unguwar, Henry Whitehead, wanda da farko ya shiga binciken ne da niyyar ƙaryata Dakta Snow.

Da yake ya san mutanen gida-gida, ya yi hira da ɗaruruwan mazauna titin. Cikin mutum 137 da suka sha ruwan famfon, 80 sun kamu. Cikin 299 da ba su sha ba, 20 ne suka kamu. Alƙaluman nasa suka sa ya sauya ra'ayi.

Shi ne kuma ya gano cewa wata jaririya 'yar wata biyar a gida mai lamba 40 ta fara gudawa ranar 28 ga Agusta, kwana uku kafin ɓarkewar annobar. Mahaifiyarta kan jiƙa ƙyallayenta a bokiti, ta zuba ruwan a ramin masai da ke gaban gidan.

A watan Afrilun 1855 aka haƙa wurin. Sai aka tarar tsakanin ramin da rijiyar bai kai ƙafa uku ba, tubalan ramin sun ruɓe, ƙazanta kuma tana tsiyaya ta cikin ƙasa zuwa rijiyar.

Mahaifin jaririyar ya kamu da cutar ne ranar da aka cire mariƙin, aka kuma ci gaba da zuba ruwan wanki a wannan rami. Whitehead ya yi imani da cewa rufe famfon ne ya hana annobar sake tashi.

Mutuwarsa

Duk da haka, kwamitin binciken hukumar lafiya ta ƙasa ya yi watsi da batun rijiyar a 1855, ya tsaya a kan iska. Daga baya ma aka mayar da mariƙin famfon. Mujallar likitoci ta Lancet kuma ta yi masa kakkausar suka a wannan shekara.

Ranar 10 ga Yunin 1858 ya gamu da shanyewar ɓarin jiki yana tsakiyar rubuta littafinsa kan kulorofom, ya kuma mutu ranar 16 ga watan yana da shekara 45. An binne shi a maƙabartar Brompton. Gajeriyar sanarwar mutuwarsa da Lancet ta buga ba ta ambaci kwalara ba, kuma sai a 2013 mujallar ta buga gyara.

A makonnin da ya mutu, warin kogin Thames ya addabi majalisar dokoki har ta amince da kuɗin gina manyan magudanai ƙarƙashin injiniya Joseph Bazalgette. Tsoron wari ne ya sa aka yi aikin, amma amfaninsa shi ne raba ƙazanta da ruwan sha.

Da kwalara ta dawo gabashin Landan a 1866, William Farr, wanda a da yake ɓangaren masu cewa iska ce, ya bi alƙaluma har ya gano ta a ruwan wani kamfani. Wannan ce annobar kwalara ta ƙarshe a birnin.

Ita kuwa ƙwayar cutar, wani Ba'italiye mai suna Filippo Pacini ya hango ta da madubin likita tun 1854 ba a kula shi ba, sai da Bajamushe Robert Koch ya sake gano ta a Masar da Indiya a 1883 da 1884.

Auna haɗari tun kafin a mutu

Dakta Snow ya yi lissafinsa ne bayan an binne mutane. Burin masana ruwan ƙarƙashin ƙasa a yau shi ne yin lissafin tun kafin a haƙa rijiya ko masai.

Ginshiƙi na biyu na wannan aiki ya fito ne daga wani injiniyan Faransa, Henry Darcy, wanda shi ma ya mutu a 1858. A 1856 ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi a birnin Dijon, inda ya riƙa tura ruwa ta cikin bututu cike da yashi. Ya nuna cewa saurin tafiyar ruwa a ƙasa ya danganta ne da irin ƙasar da kuma gangaren da ke tura ruwan.

Da wannan ƙa'ida ake ƙiyasta kwanakin da ruwan masai zai yi kafin ya isa rijiya. Alal misali, idan ruwa na tafiyar mita ɗaya a rana, masai kuma na nesa da mita 15, to cikin kwana 15 zai isa. Ƙwayoyin cuta kuwa suna mutuwa a hankali a cikin ƙasa, don haka yawan kwanakin shi ne kariya. Shi ya sa Ingila da Jamus ke shata iyakar kariya ta tafiyar kwana 50 a kewayen rijiyoyin da ke shayar da jama'a.

Matsalar ita ce babu mai ganin ƙarƙashin ƙasa. Yashi da tsakuwa na barin ruwa ya wuce da sauri, laka na riƙe shi, tsagar dutse kuma kan kai shi nesa cikin sa'o'i. Ruwan ƙasa kan taso da damina ya sauka da rani.

Saboda haka maimakon amsa guda, sai a ba kwamfuta mafi ƙaranci da mafi yawan abin da kowane ma'auni zai iya kasancewa, ta maimaita lissafin sau dubbai, kowane karo tana zaɓar adadi kamar ƙuri'a. Idan a gwaji 1,000 ƙazanta ta isa rijiya da ƙwayoyi masu rai sau 200, sai a ce haɗarin kashi 20 ne cikin ɗari. Ana kiran wannan dabara Monte Carlo, kuma an ƙirƙiro ta ne a Amurka a shekarun 1940.

Inda babu kuɗin irin wannan bincike, akan taƙaita shi zuwa ƙa'ida mai sauƙi. Ƙa'idojin Sphere da ƙungiyoyin agaji ke bi sun ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya, kuma gindin ramin ya kasance aƙalla mita ɗaya da rabi sama da ruwan ƙasa.

Wannan batu ya shafi garuruwa da dama a arewacin Najeriya da kudancin Nijar, inda ƙarancin fili kan sa a haƙa rijiya da shadda a gida ɗaya, ko kuma shaddar maƙwabci ta kasance bayan katanga kaɗan. A 2021 Najeriya ta ba da rahoton mutum fiye da dubu 100 da ake zaton sun kamu da kwalara, fiye da 3,000 kuma suka mutu, akasarinsu a jihohin arewa kamar Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara.

Ruwan titin Broad garai-garai yake a ido, kuma masu shansa sun fifita shi a kan na sauran famfunan unguwar.

Titin dai yanzu sunansa Broadwick, kuma a 1992 aka kafa kwaikwayon famfon a can, ba tare da mariƙi ba. Ƙungiyar da ke ɗauke da sunan John Snow kan shirya lacca kowace shekara a watan Satumba, inda ake cire mariƙin wani famfo sannan a mayar da shi, domin tunatar da cewa har yanzu akwai miliyoyin mutanen da ba su da tsabtataccen ruwan sha.